Baba da Akwatunan Tsattsewa

Wakaw, 19 ga Yuni

Zuwa ga Yaya Myron,

Ina gaishe ka da kyau, da fatan kana lafiya, kai da Lesia da yara. Allah ya tsare ku a can nesa. Mu nan da sauƙi. Maigidana Orest ya gama shukar alkama, kafin ruwa ya tsare mu.

Yaya, na ce maka a waya Baba ya faɗi, amma kuka bai bar ni na gaya maka yadda aka yi ba. Ka san akwatunan katakon nan talatin da ya kafa wa tsattsewa a jikin shinge, bakin tafki. Bana duk sun cika sai biyu. Ranar da suka dawo daga kudu ya kira ni, wai in zo in ga baƙinsa. Na tarar da shi yana watsa farin gashin agwagwa sama, tsuntsayen suna cafewa kafin ya sauka don su shimfiɗa a sheƙa, bayansu shuɗi yana ƙyalli, cikinsu fari fat. Ya ce sun fi ka kirki, su ko ba komai duk shekara suna leƙo shi. Da dariya ya faɗa, kada ka riƙe.

To, sun ƙyanƙyashe ƙwai ke nan sai aka yi kwana uku ana ruwa mai sanyi. Ƙwari suka ɓace, iyayen suka rasa abin kai wa 'ya'yan. Na roƙe shi ya zauna a ɗaki, ya ce ni ba uwarsa ba ce. A rana ta uku ya fita dubawa, santsi ya kwashe shi a akwati na tara, ƙugu ya karye. Likita ta ce zaman gona shi kaɗai ya ƙare.

Ni na buɗe sauran akwatunan. Gida shida ne kawai suka tsira.

Jiya a asibiti ya tambaye ni 'ya'yan tsuntsayen, na ce duk suna nan lafiya, har sun fara gashi. Ya daɗe yana kallona. Sai ya kama hannuna, ya ce tun ina ƙarama ban iya ƙarya ba. Ya ce shekara arba'in yana wannan aiki, ya san abin da sanyin kwana uku yake yi. Wai in je in kwashe matattun, in share akwatunan, don wasu za su sake ƙwai idan sun sami wuri mai tsabta. Da na ɗauko zancen inda zai zauna bayan an sallame shi, sai ya juya fuska bango.

Yau da safe na share su duka, ban da shidan da suka tsira. Amma maganar barin gona ba zan iya gaya masa ni kaɗai ba. Don Allah ka zo, ko na sati guda ne.

Ka gaida Lesia, da Taras da 'yar auta Oksana. Gwaggo Stefania tana gaishe ku.

Ƙanwarka,
Halyna