Zuwa awa uku, dawowa awa sha ɗaya

Anti, don Allah ki taimake ni. Ni tela ce, shekarata hamsin da huɗu, ko bene na hau sai na ga jiri, balle jirgin sama. 'Yata ta fari tana aure a wata ƙasa mai nisa. Likita ya ce tiyata za a yi mata a ciro jaririn nan da sati uku, ita kuma ta kafe ba za ta shiga ɗakin ba sai ina kusa. Surukina, Allah ya yi masa albarka, ya aiko da tikiti: tashi goma na safe, sauka ɗaya na rana. Na ce awa uku dai, zan runtse ido in yi ta salati.

Shekaranjiya ina kan keke na duba na dawowa. Tashi takwas na safe, sauka bakwai na yamma. Awa sha ɗaya, Anti! Filayen jirgin nan biyu ba wanda ya matsar da su. Maƙwabciyata ta ce ƙila tsohon jirgi ne, irin mai tafiyar hawainiya. Tun ranar na ɓata wuyan riga biyu. Ina jin nauyin tambayar surukina, kada ya ga na raina ƙoƙarinsa. Saura kaɗan in ce wa yarinyar ciwon ƙafata ne ya tashi. In yi ƙaryar, ko in tafi in halaka a sama?

Uwar da ta rasa sukuni

Yaya, ki kwantar da hankalinki, jirgin lafiyarsa ƙalau, agogo ne ya ruɗe ki. Tikiti yana rubuta lokacin tashi da agogon inda aka tashi, na sauka kuma da agogon inda aka sauka. Bisa lissafin takardarki, rana tana riga fitowa a wajenku da awa huɗu. Ki tuna, idan kin kira 'yarki bayan azahar, ai hantsi ne a can. Don haka tafiyar kusan awa bakwai ce, zuwa da dawowa duka.

Ba zan ɓoye miki ba, bakwai ta fi ukun da kika ɗaura wa ɗamara, kuma tsoronki ba abin dariya ba ne. Ki je likita ya duba ƙafar kafin tafiya. Ki gaya wa surukinki gaskiya, ya nema miki kujerar bakin hanya don ki riƙa miƙewa, a kuma haɗa ki da ma'aikacin da zai raka ki har ƙofar jirgi. Maƙwabciya kuwa, ki bar ta da hawainiyarta.

Ƙarya dai kada ki yi. Yarinyar nan ma tsoro take ji, nata kuwa na wuƙa ne, kuma a duk duniya ke ta kira. Ki haɗa kayanki. Allah ya kai ki lafiya, ya sauke ta lafiya.