Injin da Ba a Barinsa Shi Kaɗai

Argungu

Zuwa ga ɗana Nu'uman,

Assalamu alaikum. Ina gajiya, ina aiki? Ga takarda ta hannun Labbo direba kamar kullum, tunda kunnenga ya daina jin waya.

Sallah ta zo ta wuce ban gan ka ba. Ƙanwarka Munira ta aiko da tuwo daga Augie, na ci ni ɗai, saura ya lalace. Tun da mahaifiyarku ta rasu gidanga ya yi mini yawa. Wai kai wane irin aiki ne wanga? An ce duwatsu kake tambaya shekarunsu. To, ubanka ma ya tsufa, ka taho ka auna shi! Dutse ba ya zuwa ko'ina, ni kuwa ban sani ba.

Allah shi yi maka albarka.
Ubanka, Malami

Birnin Kebbi

Zuwa ga Baba,

Gaisuwa mai yawa da fatan alheri. Wallahi ba ƙin zuwa na yi ba.

A ɗakin gwajinmu na jami'a akwai injin da muke gasa ɓarɓashin dutse a ciki. Sai wata iska mai suna argon, wadda ta daɗe a kulle cikin dutsen, ta fito, mu auna yawanta mu san shekarunsa. Matsalar ita ce irin wannan iskar tana cikin wadda muke shaƙa. Shi ya sa famfuna ke zuƙe iskar cikin injin ba tsayawa. In an ɗauke wuta ba a tada janareta nan take ba, iskar waje ta kutsa, shi ke nan, sai an yi watanni ana gyara, aikin ɗalibai duk ya tsaya.

Da mu biyu ne, ni da Riskuwa, muna karɓa-karɓa. Ya samu aiki ƙasar waje ya tafi. Ranar Sallah daga masallacin idi nan na dawo, daga ni sai kukan famfo. Kewa ta ishe ni, Baba, har magana nake yi da injin.

Amma an ɗauki wani, Litinin zai fara. Juma'a ina nan tafe in sha Allah.

Ka huta lafiya.
Ɗanka, Nu'uman

Birnin Kebbi

Baba,

Ina gaisuwa, kuma ina neman gafara. Labbo ya ce ka sa an yanka zabo, ka zauna ƙofar gida har magariba kana duban hanya. Da na ji, na kasa cin abinci.

Sabon ma'aikacin bai kai Juma'a ba. Ya ce ƙarar famfuna na sara masa kai, ga zama ba abokin hira. Abin haushi, ba wani abu aka nema gare shi da farko ba illa ya sa ido a kan allurar ma'aunin injin, wuta na ɗaukewa ya ja janareta. Saura a hankali ake koyo. Zaman ne dai ba mai so. An sake sanarwar neman ma'aikaci, har yanzu shiru. Ba zan ƙara yi maka alkawarin rana ba.

Ka yafe mini.
Nu'uman

Argungu

Nu'uman,

Sallama. Na karanta, na kuma karantawa.

Ka ce ana biɗar mai jure ƙara da rashin abokin hira. Ƙara dai ba ni jin ta. Rashin abokin hira kuwa, na gwanance. Injin ban ruwa nike tadawa a fadama tun ba a haife ka ba, janareta ba ya gagarata.

Na kulle gida, na kai ma maƙwabcina Maliki awaki. Gobe ina gaban motar Labbo. Ka gaya ma manyanku ba albashi nike biɗa ba. Ka dai shimfiɗa mini tabarma inda zan riƙa ganin allurar, in riƙa ganinka.

Sai na iso.
Ubanka, Malami