Yatsuna Biyu Na Mutuwa, Jama'a Na Yabon Kiɗana

Malama, don Allah ki taimake ni da shawara, na rasa wanda zan faɗa wa. Ni makaɗin jaz ne, salon kiɗan nan da ya samo asali daga Amurka, shekarata hamsin da uku. Bes nake kaɗawa, ƙaton abin kiɗan nan na katako mai tsirkiya huɗu da ake tsayawa a rungume. Shekara talatin ina jan sa daga otal zuwa ɗakin taro, ina lallashin direbobin tasi su kwantar mini da kujera don ya shiga mota. Mu masu bes a baya muke tsayawa. Mai busa ake wa tafi, mu ba a tuna mu sai ranar da muka yi kuskure. Kaɗe-kaɗen da nake tsarawa da kaina kuwa suna cikin akwati a ƙarƙashin gado, har matata kan ce ɓeraye nake rubuta wa.

To, bara wani kamfani ya yarda a ɗauki guda tara a faifai, da sunana a gaba. Saura mako shida mu shiga situdiyon ɗaukar sauti. Matsalar ita ce wata bakwai ke nan ƙaramin yatsana na hagu da na kusa da shi suna mutuwa, kamar na kwana a kan hannun, kuma da su nake danna tsirkiya. Likita ya ce jijiya ce ta matse a gwiwar hannu, sai an yi aiki, in ajiye bes wata huɗu. In na ja lokaci, ba lallai yatsun su dawo ba.

Ban gaya wa kowa ba, har matata. Dabarar da na yi ita ce rage kiɗan: inda a da nake danna wuri takwas, na koma uku, in bar fili. Abin da ya fi ci mini rai, sai jama'a suka hau yabo. Wani ɗan jarida ya rubuta wai sai yanzu na ƙware, na san darajar shiru. Mai fiyanonmu har ɗalibansa yake turo mini su koyi sabon salo. Shekara talatin ina kashe kaina babu ko sannu, sai da hannu ya lalace. Wani lokaci nakan shige bayi in yi ta dariya, wani lokaci kuma ba dariya ba ce.

Mai gangarmu shekara ashirin da biyu muna tare, yanzu ko ido ba na iya haɗawa da shi. Na gaji da ɓoyo, wallahi na gaji. In na ce a ɗaga, ina tsoron kamfanin ya janye, kuma a shekaruna ban ga mai sake nemana ba. In daure in kaɗa, ko in faɗa?

Mai Bes

Amsa

Malam Mai Bes, sannu da fama. Tsoronka yana da dalili: kamfani na iya janyewa, kuma wanda ya yi jiran shekara talatin ba a ce masa wata huɗu ba komai ba ne. Amma ka riga ka ji daga bakin likita abin da jinkiri zai jawo, kuma ka riga ka ci wata bakwai.

Ka koma wurinsa makon nan ka tambaye shi kai tsaye ko hannun zai jure mako shida. Ka tafi da matarka. Ita za ta yi jinyarka, bai kamata ta ji labari a ƙofar ɗakin tiyata ba.

Sannan mai ganga. Mutumin da ya yi shekara ashirin da biyu kunnensa na kan tsirkiyarka, ka zubar da biyar cikin takwas, ka ɗauka bai ji ba? Ina kyautata zaton tun makon farko ya gane, yana cike maka gurbi, yana jin nauyin ya riga ka magana. Ka sauke masa wannan kaya.

Ku je kamfanin tare, da zaɓi biyu: ko a ɗaga, ko a ɗauki masu sauƙin yanzu, masu wuyar wani makaɗi ya riƙe maka bes. Kai ka tsara su, sunanka ba zai gusa ba. Yabon nan ma ka daina ɗaukarsa a matsayin ba'a. Ciwo ne ya rage kiɗan, amma kunnenka ne ya zaɓi ukun da suka saura.

Faifai ɗaya kake tsoron rasawa, alhali hannun da zai yi na biyu da na uku kake caca da shi. Ka faɗa, Malam. Allah ya ba ka lafiya, ya sa a yi aikin cikin nasara.