Akwatin Ruwan Kwamfutar Maryam

Daren Laraba, Dutse

Har yanzu hannuwana warin fenti suke yi. Yau muka gama akwatin 'yata Maryam.

Tun da bazara ta shigo kwamfutarta ke ɗaukar zafi ta mutu tana tsakiyar aikin kammala digiri, ga lokacin miƙawa ya matso. Da ta ce da ruwa za ta sanyaya ta, na ɗauka wasa take. Ta zana min akwatin, na yanka allon MDF, na huda wurin fanka da na tiyo, gefe ɗaya na famfo, ɗayan na ɗan lagireto. Na gaya mata wannan allon garin katako ne da gam, in ya sha ruwa kumbura yake kamar burodi. Ta ce, "To Baba, ku cika shi da fenti, sauran ku bar min."

Bayan la'asar ta zuba ruwa ta kunna. Na tsaya riƙe da tsumma. Ko ɗigo bai zuba ba. Ruwan ya bi tiyo ya shiga cikin kwamfutar, can inda lantarki yake, ya fito lafiya. Ta ɗora hannuna kan tiyo ɗaya, ɗumi kamar goshin mai zazzaɓi. Ta mayar kan ɗayan, sanyi. Ikon Allah.

Na dawo daga sallar magariba kwamfutar ba ta mutu ba, Maryam na ta aiki, ba ta ma ji sallamata ba. Na daɗe a bakin ƙofa ina kallon yarinyar da ni na koya wa riƙe fensir.