Abin da na ce wa Isuhu

Yaya Hadiza,

Gaisuwa mai yawa. Ina lahiyarki, da maigida, da yara? Mu nan Filinge lahiya lau.

Ƙanenmu Isuhu ya zo mini da wata magana. Wata da suka haɗu a waya ta sa shi ya tuɓe gaban kamara, ashe ɗaukar shi ake. Yanzu an ce ya biya, ko matarshi ta gani.

Ya ce, "Yaya, mi zan yi?"

Na ce, "Ka kunyata mu," na tashi na bar shi zaune.

Tun da ya tahi kasuwar Baleyara bai komo ba, ba ya ɗaukar kirana. Ni kaɗai ya gaya wa, Yaya. In ya kira ki, ki ce ya komo, mu je wurin jandarmomi tare mu kai ƙara.

Ki sa mu addu'a. Ki gai da mutanen gida.

Ƙanenki,
Mamman