An Kama Jirginmu a Port Lincoln

Port Lincoln, Ostireliya
8 ga Afrilu, 1997

Zuwa ga matata Aroita,

Gaisuwa mai yawa da fatan kina lafiya, ke da yara da Baba Tekaie. Ni lafiyata ƙalau. Da wannan na fara don kada ki tsorata da abin da ke biye.

An kama jirginmu. Ki lura da kyau, jirgin aka kama, ba mu ba. Ranar Litinin muna wanke rumbun kaya sai ga ma'aikacin kotu ya hau, ya gaishe mu da ladabi, ya manna takarda a gilashin ɗakin tuƙi. Daga ranar ba mu da izinin ɗaga anga.

Kin san jirgin na tsoho Brodersen ne na Hamburg, kuma shekara biyu ke nan wani kamfani na Hong Kong ya ɗauki shatarsa. Bara kamfanin ya yi wa manoman alkama na nan alkawarin kai kayansu tsibirin Jawa da wannan jirgi, sai ya karkatar da mu wani wuri, cinikinsu ya lalace. Manoman suna neman haƙƙinsu, amma mutanen Hong Kong ko kujera ba su da ita a ƙasar nan. Jirgin kaɗai hannu ke iya kaiwa gare shi.

Lauyar tsoho ta ce maganar abu ɗaya ce. Idan kamfanin ya karɓi jirgin ɗungurungum, yana juya shi da mutanensa, kotu na iya yin gwanjonsa. Idan kuwa wurin zuba kaya kawai ya haya, mu muna nan na tsoho, to kotun ba ta da hurumi. In aka sayar da jirgin, aikin mu goma sha ɗaya 'yan tsibirinmu na Marakei ya ƙare, da na masu jiran su gaje mu.

Ta ce ni zan ba da shaida, tunda ni ne helma kuma na fi kowa daɗewa. Aroita, ni da ko a zauren taron gari ban taɓa miƙewa na yi magana ba. Zuwan da na yi alkawari a watan nan ya fasu.

Ki huta lafiya. Mijinki,
Borerei

*

Marakei
29 ga Afrilu

Maigida,

Gaisuwa da kewa. Muna lafiya, aladu ma lafiya, tunda ba ka tambaye su ba.

Kafin wasiƙarka ta sauka labari ya riga ta. An ce an kama ku da kayan sumoga, an aske muku kai, kuna fasa duwatsu. Uwar Kautu, abokin aikinka, ta kwana biyu ba ta sa komai a baki ba. Da jirgin sama ya kawo wasiƙar ban ko wanke hannu daga kankare kwakwa ba, na nufi zauren taro na karanta wa kowa. Tsofaffi suka sa na maimaita wurin nan na "jirgin aka kama, ba mu ba" har sau uku. Wata ta ce, "To shi jirgin me ya sata?"

Yanzu maganar tsoro. Kai da kake hawa tsinin jirgi da gwangwanin fenti teku na rawa a ƙarƙashinka, wai baturen kotu mai baƙar riga ne zai kaɗa maka gwiwa? Haba, Baban Rine!

Na karanta wa Baba shi kaɗai da yamma. Ya daɗe yana murza igiya a cinyarsa, sannan ya ce, "Wannan ne ya hana turawa barci? Ai aron kwalekwale iri biyu ne. Akwai wanda zan miƙa maka filafili in koma gida in kwanta. Akwai wanda zan ce hau in kai ka, kai ka faɗi inda za mu, amma ni ke tuƙi. Ki ce wa Borerei ya faɗi wanda ya gani da idonsa, kada ya ƙara ko gishiri."

Na saka maka busasshen kifi a kwali. In ma'aikatan kwastan sun ƙwace, Allah ya sa ya tsaya musu a wuya. Ka sa rigar sanyin nan mai ruwan toka ranar kotu, ba mai ɓarkakken hannu ba.

Taka har kullum,
Aroita

*

Port Lincoln
23 ga Mayu

Matata Aroita,

Bayan gaisuwa, na ba da shaida jiya a Adelaide. Kifin bai iso ba, takarda kawai na samu mai cewa an ƙone shi.

Alƙalin mace ce, dattijuwa, mai gilashi a kan hanci. Da na yi rantsuwa sai ta sa aka ba ni ruwa. Lauyan manoma ya ɗaga hoton bututun hayaƙin jirginmu ya ce, "Tambarin wa ke nan?"

Na ce na kamfanin Hong Kong ne.

"Wa ya zana shi?"

"Ni, ranka ya daɗe, da Kautu."

"Wannan rigar aiki fa, sunan wa ke bayanta?"

"Nasu ne."

Ya juya ya dubi alƙali kamar ya gama. Na ce a raina shi ke nan, da bakina na sayar da jirgi. Sai ya ƙara da cewa, "Ashe su kuke wa aiki."

Na ce a'a. Na ce shekara goma sha huɗu tsoho Brodersen ke ɗaukata aiki, shi ya aiko mini takardar ta'aziyya da hannunsa lokacin rasuwar Inna. Na ba su labarin ranar da wakilin kamfanin ya hau jirgi a Surabaya ya ce mu buɗe rumbu ana ruwan sama, Kyaftin Ole ya ce masa, "Kai ka faɗi tashar da za mu, amma ba ka taɓa ko ƙusa a jirgin nan." Mutumin ya yi ta kumfar baki, rumbu bai buɗu ba.

Ban san lokacin da maganar Baba ta fito daga bakina ba, ta aron kwalekwale. Lauyan ya tashi zai hana, alƙali ta ɗaga masa hannu ta ce in ƙarasa. Ta rubuta wani abu, ta tambaye ni, "Naku wanne ne?" Na ce na biyu, mu ke tuƙi.

A waje wani manomi mai suna Dunstan ya tare ni, ƙato, hannunsa kamar faifai. Na zaci faɗa ne. Sai ya ce, "Ɗan'uwa, ba da ku muke ba. Gumin shekara guda ne ya tafi." Na miƙa masa hannu.

An ɗage shari'ar sai nan da mako biyu. Ku ci gaba da addu'a.

Mijinki,
Borerei

*

Port Lincoln
6 ga Yuni

Aroita,

Gaisuwa a gurguje, don mai kai wasiƙa yana tsaye a kaina.

An sake mu! Alƙali ta ce jirgin bai taɓa barin hannun tsoho ba, saboda haka kotunta ba ta da hurumin riƙe shi a kan laifin wani. Wanda ya manna takardar shi ya zo ya ɓamɓare ta yau da safe, har ya sha shayi da mu. Kuku ya soya kifi, mun yi waƙoƙin gida a bayan jirgi har Kyaftin ya shiga rawa. Kada Allah ya nuna miki wannan rawar.

Manoman su ne abin tausayi. An ce sai dai su bi kamfanin can ƙasarsa. Duk da haka Dunstan ya aiko mana da rabin tunkiya da buhun lemo.

Jibi za mu tashi. Masu canjinmu suna jira a Singafo, daga can sai gida, farkon Agusta in Ubangiji ya yarda. Ki durƙusa ki yi wa Baba godiya a madadina.

Naki,
Borerei

*

Marakei
27 ga Yuni

Maigida,

Gaisuwa da godiya ga Ubangiji. An buga ƙararrawar coci da rana tsaka, Baba kuwa ya ce shi bai ga abin mamaki ba.

Akwai abin da muka ɓoye muku. Matar Kautu ta haihu tun kafin lokaci, satin da ka shiga kotu, kuma mun yi kwana uku ba mu san ko za su tashi ba. Yanzu uwa da 'ya suna lafiya, jaririyar tana tsotso kamar da gayya. Ka gaya masa a hankali, ka fara da lafiyar.

Kakarta ta rantse sunan alƙalin nan za a sa mata, kai kuma wasiƙa biyu ka rubuta ba ka faɗi sunan alƙalin ba. Yarinya ta haura wata guda ana ce mata "ke". Ka aiko da shi kafin ka iso.

Sai mun gan ka,
Aroita