Wai Tafki Ba Ya Gudu

Daren Talata, Gaithersburg

Har yanzu ban huce ba. Yau majalisar gari ta amince ta mara baya, jiha ta ba da kuɗin yashe tafkin unguwarmu da ke ta ƙafewa. Alhamdu lillahi. Amma ina gama magana a taron, maƙwabcinmu ya miƙe ya ce ɓarnar haraji ce. "Tafki ai ba ya gudu," in ji shi, har da dariya!

Ni zai gaya wa? A Baga na tashi, a bakin Tafkin Chadi. A kan idona ruwa ya yi ta ja da baya, har kwalekwalen Baba ya zama inuwar awaki. Hotonsa yana nan cikin akwatina. Wallahi gobe da sassafe zan ƙwanƙwasa wa maƙwabcin nan ƙofa, ya nuna mini ruwan a hoton.